George Harrison: Ɗan Direban Bas Da Ya Guje Wa Taron Ofis Ya Tsara Waƙar Fitowar Rana

A watan Mayun 2023, waƙar Here Comes the Sun ta zama ta farko cikin waƙoƙin ƙungiyar The Beatles da aka saurara sau biliyan ɗaya a manhajar Spotify. Abin da ya ɗaure wa mutane da dama kai shi ne, waƙar ba ta fito daga hannun John Lennon ko Paul McCartney ba, waɗanda su ne suka rubuta mafi yawan waƙoƙin ƙungiyar kuma su duniya ta fi sani. Wanda ya tsara ta shi ne autan ƙungiyar, George Harrison, makaɗin jita da 'yan jarida suka laƙaba wa sunan shiru-shiru, wanda a lokacin ya shafe fiye da shekara 21 da rasuwa.

Sunan waƙar na nufin ga rana nan ta ɓullo. Tsawonta minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, kalmominta kaɗan ne, kuma saƙonta bai wuce albishirin cewa wahala ta kusa yayewa ba. Sai dai mutumin da ya rubuta ta ya yi hakan ne a ɗaya daga cikin shekarun da suka fi yi masa ɗaci a rayuwa.

Tasowarsa a Liverpool

An haifi George Harrison a ranar 25 ga Fabrairu, 1943, a unguwar Wavertree da ke birnin Liverpool na Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ƙarami cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Harold, ya taɓa yin aikin hidima a jirgin ruwa kafin ya koma aikin bas, mahaifiyarsa Louise kuwa tana tsaron shago. Gidan da aka haife shi, mai lamba 12 a layin Arnold Grove, ɗan ƙarami ne, banɗakinsa a waje yake, kuma murhun kwal guda ɗaya ne ke ɗumama shi a lokacin sanyi. Daga baya iyalin suka samu gidan gwamnati a unguwar Speke suka koma can.

A 1954 ya shiga makarantar Liverpool Institute, amma karatu bai kama zuciyarsa ba. Hankalinsa na kan jita da waƙoƙin Amurkawa irin su Elvis Presley da Carl Perkins. Mahaifiyarsa ta ƙarfafa masa gwiwa a kan wannan sha'awa tun yana yaro. A cikin bas ɗin zuwa makaranta ne ya haɗu da Paul McCartney, wanda ya girme shi da 'yan watanni, kuma son kiɗa ya haɗa su abota.

McCartney ne ya gabatar da shi ga John Lennon a 1958. Da farko Lennon ya ga yaron ya yi ƙanƙanta, domin shekararsa 15 kacal, amma da ya ji yadda yake kaɗa jita sai ya amince ya shiga ƙungiyarsu, wadda a lokacin ake kira The Quarrymen. Harrison ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya yi koyon aikin lantarki na ɗan lokaci a wani babban kanti, sannan a 1960 ya bi ƙungiyar zuwa birnin Hamburg na Jamus, inda suke kwana suna wasa a gidajen rawa. A watan Nuwamban shekarar hukumomin Jamus suka koro shi gida, saboda bai kai shekara 18 da doka ta gindaya wa mai irin wannan aiki na dare ba.

Shahara a inuwar wasu

Daga 1962, bayan Brian Epstein ya zama manajansu, George Martin ya karɓi aikin naɗar waƙoƙinsu, Ringo Starr kuma ya shigo a matsayin makaɗin ganga, tauraruwar The Beatles ta fara haskawa. A Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 ne suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. Harrison bai ma cika shekara 21 ba a ranar.

Sai dai a cikin ƙungiyar matsayinsa na ƙane bai canza ba. Lennon da McCartney ke rubuta waƙoƙi, su ne kuma ke yanke shawarar abin da zai shiga faifai. Waƙarsa ta farko, Don't Bother Me, ta fito a 1963, kuma daga nan galibi gurbin waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a kowane faifai. Waƙoƙin da ya rubuta suka yi ta taruwa a hannunsa ba tare da an naɗe su ba, abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

A wannan tsakani ne ya karkata ga kiɗan Indiya. A 1965 ya kaɗa sitar, wato molon Indiyawa mai tsirkiya da yawa, a waƙar Norwegian Wood, lamarin da ya buɗe wa mawaƙan Yamma wata sabuwar ƙofa. A 1966 ya haɗu da fitaccen makaɗin sitar Ravi Shankar, ya bi shi Indiya ya yi makonni yana ɗaukar darasi. Wannan alaƙa ta zarce kiɗa, domin daga baya Harrison ya rungumi aƙidar Hindu, ya kuma ci gaba da riƙo da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarar 1969

Ƙungiyar ta daina wasa a gaban jama'a a watan Agustan 1966, shekara guda bayan haka kuma Epstein ya rasu. Rashinsa ya bar mawaƙa huɗu da ba su san kan kasuwanci ba riƙe da dukiya mai ɗimbin yawa. A 1968 suka kafa kamfanin Apple Corps a Landan, amma ba da jimawa ba kuɗi suka riƙa zirarewa. Rikici ya ɓarke kan wanda zai riƙe musu harkokin kuɗi. Lennon da Harrison da Starr suka zaɓi Ba'amurke Allen Klein, McCartney kuma ya dage sai dai Lee Eastman, mahaifin matar da zai aura.

A ranar 10 ga Janairu, 1969, ana cikin ɗaukar su a fim suna gwajin sababbin waƙoƙi a Twickenham, Harrison ya tattara kayansa ya fice daga ƙungiyar. Bayan kwanaki ana lallashi ya dawo bisa wasu sharuɗɗa. A Fabrairu aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa tiyata a maƙogwaro. A ranar 12 ga Maris, ranar da McCartney ke ɗaurin aure, 'yan sanda suka kai samame gidansa da ke Esher, suka kama shi da matarsa Pattie Boyd bisa samun tabar wiwi, kotu kuma ta ci su tara. A gefe guda ga tarurrukan ofis na yau da gobe, tsakanin lauyoyi da akantoci da takardun sa hannu.

Kamar yadda ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa mai suna I, Me, Mine, wanda ya fito a 1980, zuwa ofishin Apple ya koma masa tamkar zuwa makarantar da ya gudu ya bari. Wata rana a farkon bazarar wannan shekara sai ya ƙi halartar taron, ya tuƙa motarsa zuwa gidan abokinsa Eric Clapton da ke ƙauyen Ewhurst a yankin Surrey. A can ya ɗauki ɗaya daga cikin jitocin Clapton, ya shiga zagaya lambun gidan cikin hantsi, kuma a nan karin waƙar da farkon baitocinta suka zo masa. Ya kammala rubuta ta a watan Yuni, lokacin da ya je hutu tsibirin Sardinia na Italiya.

Kafin mai karatu na wannan yanki namu ya gane nauyin waƙar, sai ya tuna cewa rana a Ingila ba irin tamu ba ce. A nan rana alamar wahala ce, inuwa ake nema, kuma saukar ruwan farko bayan zafin bazara shi ne abin murna. A Landan kuwa, a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, yinin bai kai awa takwas ba, ga hazo da ƙanƙara na tsawon watanni. Bayanan masu hasashen yanayi na Greenwich sun nuna cewa Fabrairu da Maris na 1969 sun yi sanyi fiye da yadda aka saba a shekarun wannan zamani, sannan Afrilu ya zo da hasken rana fiye da yadda aka saba. Abin da Bature ke ji idan rana ta ɓullo bayan irin wannan hunturu ya yi kama da abin da manomi ke ji idan hadari ya haɗo.

Yadda aka naɗi waƙar

An fara naɗar waƙar a ɗakin naɗar sauti na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a ranar 7 ga Yuli, 1969, ranar da Ringo Starr ya cika shekara 29. Mutum uku ne kawai suka yi aikin, domin Lennon na jinyar raunin da ya samu a hatsarin mota a Scotland kwanaki kaɗan kafin nan, kuma babu hannunsa a waƙar ko kaɗan.

Harrison ya maƙala wa wuyan jitarsa wani ɗan maɗauri da ke ɗaga sautinta, abin da ya ba waƙar wannan amo mai kaifi da sanyi da ake gane ta da shi tun daga bugun farko. A tsakiyar waƙar kuma ya karya ƙa'idar da kiɗan Turawa na zamani ya saba bi, ta ƙirga bugu huɗu-huɗu. Ya cakuɗa ƙirgen goma sha ɗaya da na huɗu da na bakwai, salon da masana ke dangantawa da abin da ya koya a kiɗan Indiya. Wannan ya ba Starr aiki kafin ya daidaita gangarsa, amma mai sauraro ba ya jin wani tuntuɓe a wurin.

A watan Agusta George Martin ya ƙara makaɗan goge irin na Turawa da masu busa sarewa, Harrison kuma ya ɗora sautin na'urar Moog, wadda ke haɗa amo da lantarki, kuma a lokacin sabuwar aba ce da 'yan ƙalilan suka mallaka a Birtaniya. Faifan Abbey Road ya fito a ranar 26 ga Satumba, 1969, kuma da wannan waƙa aka buɗe gefensa na biyu. A cikin faifan akwai wata waƙar tasa, Something, wadda ta zama ta farko daga hannunsa da ƙungiyar ta fitar a matsayin babbar waƙar ƙaramin faifai. Masu sharhi suka yi ittifaƙin cewa autan ya kamo yayyensa. Amma yabon ya zo a makare, domin Abbey Road shi ne faifai na ƙarshe da su huɗun suka naɗa tare, kuma a Afrilun 1970 labarin wargajewar ƙungiyar ya bazu.

Taron Bangladesh

Rabuwar ta zame wa Harrison gobarar Titi. Waƙoƙin da aka daɗe ana mayar masa da su ya tattara ya fitar a Nuwamban 1970 cikin kundin All Things Must Pass mai faifai uku. Waƙar My Sweet Lord da ke ciki ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, kuma shi ne na farko cikin su huɗun da ya kai wannan mataki shi kaɗai.

A 1971 yaƙi ya ɓarke a Gabashin Pakistan, ƙasar da ta zama Bangladesh, watanni kaɗan bayan wata mahaukaciyar guguwa ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane a yankin. Kimanin mutum miliyan 10 suka tsallaka Indiya gudun hijira. Ravi Shankar, wanda asalinsa ɗan ƙabilar Bengali ne, ya kai kukansa ga Harrison. Cikin 'yan makonni Harrison ya shirya wasa sau biyu a zauren Madison Square Garden na New York a ranar 1 ga Agusta, 1971, inda kimanin mutum 40,000 suka halarta. Bob Dylan da Eric Clapton da Ringo Starr da Billy Preston da Leon Russell na cikin waɗanda suka amsa gayyatarsa. A wannan dandali ne ya rera Here Comes the Sun da jita biyu kacal, tasa da ta Pete Ham na ƙungiyar Badfinger.

Kuɗin ƙofa sun haura dala 243,000, aka kuma miƙa su ga asusun UNICEF. Sai dai an yi wani kuskure mai tsada. Ba a yi wa taron rajista a matsayin na agaji tun kafin a gudanar da shi ba, don haka hukumar haraji ta Amurka ta riƙe miliyoyin dalolin da aka samu daga sayar da faifai da fim na tsawon shekaru. An ƙiyasta cewa zuwa 1985 kimanin dala miliyan 12 ne suka isa ga mabuƙata. Masu shirya taron Live Aid na 1985, wanda aka yi domin tallafa wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, sun ɗauki darasi daga nasarar wannan taro da kuma kurakuransa.

Shari'a da zaman lambu

Shekarun da suka biyo baya ba su zo masa da sauƙi ba. Kamfanin da ya mallaki waƙar He's So Fine, wadda ƙungiyar The Chiffons ta rera, ya maka shi kotu bisa zargin cewa daga cikinta ya ɗauko karin My Sweet Lord. A 1976 wani alƙali a New York ya yanke hukuncin cewa ya kwaikwayi waƙar ba tare da ya ankara ba, kuma hakan bai wanke shi daga biyan diyya ba. Rangadin da ya yi a Amurka a 1974 ya sha suka saboda muryarsa ta dishe. Aurensa da Pattie Boyd ya mutu a 1977, kuma bayan shekara biyu ta auri Eric Clapton, mutumin da a lambunsa aka tsara waƙar. Duk da haka abotar mutanen biyu ba ta yanke ba, har suka yi rangadin Japan tare a Disamban 1991.

A 1978 ya auri Olivia Arias, suka haifi ɗa guda, Dhani. Ya kafa kamfanin shirya finafinai na HandMade Films, wanda ya taimaka wa masana'antar fim ta Birtaniya a lokacin da take cikin ƙunci. Amma mafi yawan lokacinsa ya tafi ne a Friar Park, wani tsohon katafaren gida a garin Henley-on-Thames da ya saya a 1970, inda ya duƙufa wajen farfaɗo da lambunsa da hannunsa. Ga masu aikin lambu ya sadaukar da littafin tarihin nasa. Kisan gillar da aka yi wa John Lennon a New York a Disamban 1980 ya ƙara sa shi janye jiki daga idon jama'a.

Ya sake ɓullowa a 1987 da faifan Cloud Nine, wanda waƙarsa Got My Mind Set on You ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A 1988 kuma ya haɗu da Bob Dylan da Roy Orbison da Tom Petty da Jeff Lynne suka kafa ƙungiyar Traveling Wilburys.

Jinya da rasuwa

A 1997 likitoci suka gano yana da sankarar maƙogwaro, cutar da shi da kansa ya ɗora alhakinta a kan shekarun da ya yi yana shan taba. A daren 30 ga Disamba, 1999, wani mai taɓin hankali ya kutsa cikin Friar Park ya daddaɓa masa wuƙa, har ya huda masa huhu. Matarsa Olivia ce ta ceci ransa, inda ta far wa maharin da ƙarfen gyara wutar murhu da kuma fitila har 'yan sanda suka iso.

Ya warke daga raunukan, amma cutar ta dawo ta kama huhunsa, daga baya ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ya rasu a Los Angeles a ranar 29 ga Nuwamba, 2001, yana da shekara 58. An ƙona gawarsa bisa al'adar addinin da yake bi, aka kai tokar Indiya. Shekara guda cif bayan rasuwarsa abokansa suka shirya taron tunawa da shi a zauren Royal Albert Hall na Landan ƙarƙashin jagorancin Clapton, inda Joe Brown ya rera Here Comes the Sun. A wannan shekara ce kuma ɗansa Dhani da Jeff Lynne suka kammala faifansa na ƙarshe, Brainwashed.

Abin da waƙar ta bari

Tun yana raye wasu mawaƙan suka karɓi waƙar suka mayar da ita tasu. A 1971 Richie Havens ya kai ta sahun waƙoƙi 20 na farko a Amurka, Nina Simone kuma ta sanya wa faifanta na wannan shekara sunan waƙar. Mawaƙin rege na Jamaica, Peter Tosh, shi ma ya rera ta, haka nan Steve Harley, wanda ya kai ta sahun goma na farko a Birtaniya a 1976. Masanin sararin samaniya Carl Sagan ya rubuta cewa an so a saka ta cikin faifan zinaren da kumbon Voyager ya tafi da shi a 1977, amma kamfanin EMI ya hana. Timothy Ferris, wanda ya jagoranci haɗa faifan, ya musanta wannan labari daga baya.

Abin lura shi ne, The Beatles ba su fitar da waƙar a ƙaramin faifai a Birtaniya ko Amurka a 1969 ba, don haka ba ta shiga jadawalin waƙoƙin da suka yi fice a lokacin ba. Sai da zamani ya ba kowa damar zaɓar waƙa ɗaya tilo daga cikin kundi, da shigar waƙoƙin ƙungiyar iTunes a 2010 da kuma Spotify a Disamban 2015, sannan aka ga inda zuciyar masu sauraro ta fi karkata. Da yawa daga cikin masu sauraron nata a yau ba a haife su ba lokacin da mai waƙar ya rasu.

A 2020, lokacin da annobar korona ta cika asibitoci, wasu asibitoci a jihar New York sun riƙa sakin waƙar ta lasifika duk lokacin da aka sallami majinyaci ko aka cire masa na'urar taimakon numfashi, domin ma'aikatan da suka kwana suna ganin gawa su san cewa wani ya tsira.

A ɓangaren agaji kuwa, a 2005 iyalinsa suka haɗa hannu da UNICEF aka kafa asusu da sunansa, wanda ke ci gaba da tallafa wa yara a Bangladesh da wasu ƙasashen da bala'i ya afka wa. A 2011 kuma darakta Martin Scorsese ya fitar da dogon fim a kan rayuwarsa mai suna Living in the Material World. Gidan da aka haife shi a Arnold Grove na nan har yau, kuma masu yawon buɗe ido da ke zuwa Liverpool kan tsaya a ƙofarsa su ɗauki hoto.